Kansar furostet da horon judo: me za a ci gaba da yi, me za a ajiye?

Baƙin Bel:

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci ce, da masu gashin ƙashi, da malaman horo da ke nan. A ɗauka mutum ne mai shekara 59, ya fi shekara 20 yana judo, yana taɓa karate, sau uku a mako yake hawa tabarma, kuma har yanzu yana randori, wato karawa ta zahiri a wurin horo, da samari. Gwajin jini ya nuna PSA ɗinsa, wato sinadarin da furostet ke saki cikin jini, ya hau, aka yi hoton MRI, aka ciri ɗan nama aka duba, sakamako ya fito cewa kansar furostet ce, Gleason 3+4 a ma'aunin zafin kansar. Ba a tsayar da magani ba tukuna. An ba shi zaɓi tsakanin tiyata, da gashi, wato ƙona kansar da haske, haɗe da allurar homon mai sauke sinadarin maza.

Iyali na cewa ya rataye kayan horo ya kwanta. Abokan horo na cewa jarumi ba ya ja da baya. Ni dai ban gamsu da ko ɗaya ba. Wane horo zai iya yi kafin a fara magani? Bayan tiyata, sati nawa kafin ya yarda a kayar da shi? Yaya zai yi da ɗigar fitsari cikin fararen kaya? Kuma malamin da ke horar da shi, me zai sa wa ido?

Likitan Mafitsara:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba shi lafiya. Mutane kan kira wannan cuta kansar mafitsara, amma ba a mafitsarar take ba. Furostet wani ɗan ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, dubura na bayansa. Yana can cikin kwarin ƙashin ƙugu, ƙashi ya kewaye shi. Saboda haka kaye ko shuri a ciki ba ya fasa kansar, ba ya kuma watsa ta cikin jiki. Wannan tsoron a ajiye shi gefe. Abin da ke yanke hukuncin horo abu biyu ne: irin maganin da ake yi masa, da kuma halin da ƙashinsa yake ciki.

Gleason 3+4 rukuni na 2 ne cikin rukunai 5, wato ba mai saurin gudu ba ce. Wani babban bincike da aka yi a Birtaniya, ProtecT, ya bi maza sama da 1,600 masu kansar da ba ta fita daga furostet ba. Sakamakon shekara 15 da ya fito a 2023 ya nuna kusan kashi 97 cikin ɗari ba wannan cutar ta kashe su ba, ko tiyata aka yi musu, ko gashi, ko sa ido kawai. Don haka yana da lokacin da zai zauna ya yi tunani da tambayoyi. Makonnin da ke tsakanin sakamako da fara magani ba na kwanciya ba ne. In hoto bai nuna komai a ƙashi ba, ya ci gaba da horonsa kamar yadda ya saba, don mai ƙarfin jiki ya fi saurin miƙewa bayan aiki.

Ƙa'idoji kaɗan a wannan lokacin. Bayan cirar nama don gwaji, ya huta da horo mai nauyi na 'yan kwanaki. Ɗan jini a fitsari na kwana biyu-uku ba abin tashin hankali ba ne, jini a maniyyi ma yakan ɗauki makonni. Amma zazzaɓi da ya kai 38, da rawar sanyi, ko fitsari ya ƙi fita, wannan asibiti za a je a daren, ba sai gari ya waye ba. Sannan duk lokacin da za a ɗibi jinin PSA, ya bar horo mai tsanani, da hawan keke, da saduwa da iyali na awa 48 kafin gwajin. Waɗannan kan ɗaga lambar kaɗan, a zo ana tayar da hankali a banza.

In tiyata ya zaɓa, zai fito da robar fitsari na kwana 7 zuwa 14. Ko da ta ƙananan huji aka yi aikin, akwai huji guda, yawanci kusa da cibiya, da ake ƙara faɗinsa don a fito da furostet ɗin. Nan ne wurin da ya fi rauni, kuma nan ne daidai inda ake ɗaura bel, nan ne gwiwar abokin karawa ke sauka. Fata takan rufe cikin sati biyu, sai mutum ya ɗauka ya warke. Ɗinkin ciki kuwa bai yi ƙwari ba. Sai wajen wata uku yake kai kusan kashi 80 na ƙarfinsa na da. Wanda ya koma randori a sati na huɗu, hanji na iya turo wurin ya kumburo, sai an sake wani aikin. Gwaiwa a matse-matsi ma takan fi samun waɗanda aka cire wa furostet.

Wani abu da masu horo ke mantawa: bayan irin wannan aiki ana yawan ba da allurar tsinka jini, wani lokaci har kwana 28, don kada jini ya daskare a ƙafa. Muddin yana kanta, ba naushi, ba kaye, ba shaƙa. In ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi, ko numfashi ya yi wuya farat ɗaya, ba targaɗe ba ne, a kai shi asibiti.

Hajiya Fisiyo:

Dakta ya gama da wuƙa, bari in ɗauki maganar fitsari, don ita ce ke korar maza daga tabarma fiye da ciwon kansa.

Namiji na da abin da ke riƙe fitsari a wuyan mafitsara, da kuma tsokar da ke ƙasa da furostet. Tiyata takan raunana na saman, nauyi ya koma kan na ƙasan shi kaɗai. Duk abin da ya matsa ciki farat ɗaya zai turo fitsari: tari, atishawa, tashi daga tabarma, ɗaga ƙafa don shuri, jan mutum a uchikomi, wato maimaita shiga kaye ba tare da kayarwa ba, da kiai, ihun da ake yi lokacin bugu. Kiai ma shi ne kan gaba, tunda dama matse ciki ake yi a fitar da shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya fara koyon matse tsokar ƙasan ƙugu tun yanzu, makonni kafin aiki, lokacin da ba ciwo ba kumburi. Ga yadda ake gano ta: ya tsaya gaban madubi, ya yi kamar zai tsayar da fitsari kuma ya riƙe tusa a lokaci guda. In ya yi daidai, zai ga gindin azzakari ya ɗan ja ciki, maraina sun ɗan ɗaga sama. Ɗuwawu ba ya motsi, cinya ba ta matsewa, numfashi ba ya tsayawa. Ya riƙe daƙiƙa 5, a hankali har ya kai 10, ya saki gaba ɗaya na daƙiƙa 10, sau 10. Sai ya bi da gajeru masu sauri sau 10. Sau uku a rana: sau ɗaya a kwance, sau ɗaya a zaune, sau ɗaya a tsaye. Ba a yi yayin da robar fitsari ke jiki. Ranar da aka cire ta ake komawa.

Kuskuren 'yan wasan faɗa guda biyu ne. Na farko, sun saba ƙarfafa ciki su turo ƙasa, kamar mai jiran naushi. Wannan akasin abin da ake so ne, turo fitsarin yake yi. Na biyu, in aka ce sau 30, sai su yi sau 300. Tsokar ƙarama ce, tana gajiya, sai ka ga da yamma ɗigar ta fi ta safe. Sakin ma horo ne.

Da zarar ya iya, sai ya haɗa ta da motsi: ya matse kafin ya tashi tsaye, kafin tari, kafin ƙafa ta bar ƙasa. Mai karate yakan kama wannan da wuri, saboda ya saba haɗa numfashi da bugu. Ya fitar da iska a lokacin ƙoƙari, kada ya riƙe ta yana yunƙuri.

Tsarin komawa, in komai ya tafi daidai kuma likitan da ya yi aikin ya amince. Sati biyun farko tafiya kawai, minti 5 zuwa 10 sau da yawa a rana, ana ƙarawa. Har zuwa sati na 6 ba ɗaga abin da ya wuce kilo 5, ba motsa jikin ciki, ba keke. Daga sati na 6 zuwa na 12 sai tsayuwa, da takun ƙafa, da kihon, wato motsin tushe, da kata, wato jerin motsi da aka tsara, a rabin gudu, shuri bai wuce tsayin gwiwa ba, buhun naushi a hankali. Uchikomi ba tare da ɗaga mutum ba yana iya shigowa a ƙarshen wannan zangon. Kaye da kokawar ƙasa sai bayan wata uku, da abokin da aka yarda da hankalinsa.

Batun fararen kaya kuwa da sauƙi. Akwai audugar tare fitsari da aka yi ta musamman don maza, mai siffar kofi. Ya sa ta cikin matsattsen gajeren wando mai duhu a ƙarƙashin gi, wato kayan horo, ya yi fitsari dab da shiga, ya riƙe wata a jaka. Kada ya rage shan ruwa don gudun ɗiga, fitsari mai kauri ya fi tsokanar mafitsara. Abin da zai rage kafin horo shi ne duk abin sha mai kafeyin, har da garin ƙarin kuzari da 'yan jim ke sha. Yawancin maza suna ganin sauƙi sosai tsakanin wata 3 zuwa 12. In shekara ta cika yana jiƙa auduga da yawa a rana, akwai aikin gyara, ya koma wurin likita.

Tsohon Sensei:

Hajiya, Allah ya saka da alheri. Zan ƙara daga ɓangaren tabarma, kuma zan ɗan saɓa wa masu cewa jarumi ba ya ja da baya.

Duk shekarun da mutum ya yi yana wannan wasa, abin da aka cusa masa shi ne ya haɗiye ciwo ya ci gaba. A nan wannan tarbiyyar ce za ta cuce shi. Amma akwai wata tarbiyyar da ita ma a tabarma aka koye ta: in an kama ka da makulli, ka buga hannu tun kafin gaɓa ta karye, ba wanda ke kiran wannan tsoro. Ita zai ɗauko.

Judo ba randori kaɗai ba ce. Tun da Jigoro Kano, Bajapanen da ya ƙirƙiro judo, ya kafa makarantarsa Kodokan a 1882, kata na cikin ginshiƙanta. Ɗaya daga cikinsu, Ju no kata, ba a kayar da kowa a cikinta, ba a ma buƙatar riƙe riga. Sai dai akwai ɗaga abokin yi a wasu wurare, a tsallake waɗannan har ciki ya warke. Mai karate yana da kata da yawa da zai yi shi kaɗai, ya rage zurfin tsayuwa, ya bar tsalle. Kuma mai shekara 20 a kan tabarma yana da abin koyarwa. A ba shi sababbin ɗalibai ya gyara musu riƙo da taku. Zuwa wurin horo a ranakun da ya saba, ko da minti 20 zai yi ya zauna, yana riƙe mutum fiye da yadda ake zato, musamman a satin jiran sakamakon PSA, lokacin da barci ke ƙaura.

Ga malamin horo: ba sai duk ɗalibai sun san cutar ba, shi mai ita zai zaɓi wanda zai faɗa wa. Amma malami da abokan yinsa biyu ko uku dole su san abin da aka hana. Kada a haɗa shi da sabon shiga mai ƙarfi, farin bel ya fi baƙin bel haɗari, domin bai san inda ƙarfinsa ke tsayawa ba. A fara ukemi, wato koyon faɗuwa, daga zaune, sai daga tsugune, sai daga tsaye, a kan katifa mai kauri, shi yake faɗuwa da kansa kafin wani ya kayar da shi. A kokawar ƙasa a hana ɗora gwiwa a ciki da matse ciki da ƙafafu. Ya ɗaura bel sako-sako.

Nas Mai Kula da Masu Kansa:

Kowa ya yi maganar tiyata, to ga ɗaya hanyar, wadda a ganina ta fi shafar mai wasan kaye a tsawon lokaci.

Gashi da haske ba ya hana horo. Yawanci zama 20 ne cikin sati huɗu, ko 37 zuwa 39 cikin kusan sati takwas, wasu wuraren ma zama 5. Gajiya takan taru, ta fi tsanani a ƙarshe da sati biyun da ke biyo baya. Fitsari na yawaita yana zafi, bayan gida na iya sakewa. Ya rage tsawon horo, kada ya daina. Kada kuma ya ce zai rage ƙiba a wannan lokacin, domin an auna jikinsa an tsara inda hasken zai bi, babban canjin nauyi yana ɓata awon. In an ba shi tamsulosin don fitsari ya sauko, ya san yana sa jiri in an miƙe da sauri. Daga kwance a tabarma ya fara zama, ya ɗan jira, sannan ya tashi.

Allurar homon ita ce babbar magana. Goserelin, wadda aka fi sani da Zoladex, ana sa ta ƙarƙashin fatar ciki duk sati 4 ko duk sati 12. Aikinta ta sauke testosteron, wato homon maza, ƙasa warwas, tunda shi kansar ke ci. A irin matakin da aka ambata takan kasance wata 4 zuwa 6, a mai tsanani kuwa har shekara biyu zuwa uku. Tsoka na raguwa, kitse na taruwa a ciki, zafi na taso wa mutum farat ɗaya da gumi, suga da hawan jini na iya motsawa, ƙashi kuma na yin sako-sako ba tare da ya ji komai ba. Ko an daina allurar, testosteron kan ɗauki watanni kafin ya dawo.

Maganin zubewar tsoka shi ne ɗaga nauyi, kuma kata kaɗai ba ta wadatar. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara ƙa'idojin magani, ta ce a ba duk mai wannan allura horon ƙarfi da na numfashi ƙarƙashin kulawa, aƙalla sau biyu a mako na sati 12. A aikace: tsugunno da nauyi, tura nauyi da ƙafa, jan nauyi zuwa ƙirji, turawa daga ƙirji, hawa benci, zagaye 2 zuwa 3, kowanne sau 8 zuwa 12, da nauyin da na ƙarshen zai yi wuya amma siffa ba ta lalace ba. A haɗa da minti 150 a mako na motsi matsakaici, wanda mutum zai iya magana amma ba zai iya waƙa ba.

In allurar za ta daɗe, ya nemi hoton DEXA na auna ƙwarin ƙashi tun farko. Lamba daga -1 zuwa -2.5 ƙashi ya fara rauni, daga -2.5 zuwa ƙasa ya yi rauni sosai, kuma a nan kaye ya ƙare, komai kyan ukemi ɗinsa. A duba bitamin D da kalsiyam. In aka sa shi kan denosumab ko zoledronic acid don ƙashi, sai likitan haƙori ya duba shi kafin a fara, domin rauni a muƙamuƙi kan ƙi warkewa a kan waɗannan magunguna. Ma'ana naushi a fuska ya fita daga lissafi.

Idan cutar ta taɓa kaiwa ƙashi, wuraren da ta fi zuwa su ne ƙashin baya, ƙugu, haƙarƙari da saman cinya. A nan ba kaye, ba murɗa gaɓa, ba juya ƙugu da ƙarfi ɗauke da nauyi, ba shurin buhu. Tai chi, wato motsa jiki na Sin a sannu, da kata a hankali da tafiya su ne suka rage masa, kuma suna taimakawa wajen daidaita tsayuwa. Alamar da nake roƙon kowane malamin horo ya haddace: sabon ciwon baya da ke ƙaruwa da dare ko in an yi tari, ko ya zagayo kamar ɗamara, tare da nauyin ƙafa, mutuwar fata a cinya ko tsakanin ƙafafu, ko rikicewar fitsari da bayan gida. Wannan na iya zama ƙari ne ya danne laka. Ana son MRI cikin awa 24. Ɗan judo zai ce ai jiya ne ya faɗi ba daidai ba, ya shafa man zafi ya jira sati. Wannan satin kan zama bambancin tafiya da keken guragu.

Mai shan kemo, wato ƙarin ruwan maganin kansa, kamar docetaxel duk sati uku, sojojin jininsa sukan faɗi wajen kwana 7 zuwa 10 bayan kowane ƙarin ruwa. Tabarma kuwa gidan makero ne da ƙwayoyin da ke kawo maruru. A waɗannan kwanakin ya yi horonsa shi kaɗai a gida. Zazzaɓi 38 gaggawa ce.

Allurar homon tana taɓa zuciya ma, ba jiki kawai ba. Namijin da bai saba kuka ba sai ya ga hawaye na zuwa, ko fushi ba dalili. In sati biyu suka wuce ba ya jin daɗin komai, har horon da yake so ya fita ransa, ya faɗa wa likitansa kai tsaye, akwai abin da ake yi.

Baƙin Bel:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Saura biyu, Dakta. Na ji ana dasa wasu ƙwayoyi masu haske a cikin furostet maimakon gashin waje, shin mai su zai iya kokawar ƙasa da mutane? Sannan wasu a wurin horo na ba da shawarar maganin ƙara testosteron don tsoka kada ta zube.

Likitan Mafitsara:

Na biyun tukuna: a'a, ko kusa. Allurar testosteron, da sitiroyid na masu gina jiki, da garin da aka rubuta wa ƙarin ƙarfin namiji, duk suna warware abin da maganin ke ƙullawa. Duk abin da yake sha, ya kwashi robobin ya kai wa likitansa ya gani da ido. In an rubuta masa sildenafil ko tadalafil, magungunan miƙewar gaba, bayan tiyata, wannan daban ne, ba homon ba ne, sai dai ba a haɗa su da magungunan ciwon ƙirji na nitret.

Ƙwayoyin da ake dasawa, yawanci aidin-125 ne, wani sinadari mai fitar da haske, kowace kamar ƙwayar shinkafa, ƙarfinsu na raguwa da rabi duk kwana 60. Hasken da ke fitowa waje kaɗan ne ƙwarai, gaisawa da tsayuwa kusa da mutane ba matsala. Abin da ake cewa shi ne a wata biyun farko kada ya ɗora yaro a cinya na tsawon lokaci, kada ya daɗe manne da mai juna biyu. Saboda haka ajin yara da kokawar ƙasa su jira wannan wa'adin, ya kuma tambayi sashen da suka dasa masa takamaiman ranar da za su sake shi. A makonnin farko furostet na kumbure, duk abin da ke danna tsakanin maraina da dubura, kamar sirdin keke ko gefen kofin kare gaba mai tauri, yana iya jawo jini ko toshewar fitsari. Kofi mai laushin baki ya fi, in ma ba karawa zai yi ba ya bar shi a jaka. Za su ba shi kati mai bayanin dashen, ya riƙa tafiya da shi in zai bi ta filin jirgi zuwa gasa ko taron horo, don wasu na'urorin tsaro kan ji hasken a watannin farko.